Milisakan 20: Yadda ake auna bugun zuciyar wutar lantarki

Daga babban layin ƙasa zuwa janaretan bayan ofis, lafiyar wuta na rataye ne a kan lamba guda. Na'urar osiloskof na nuna wa ido wannan lamba cikin 'yan mintoci, kuma jami'an da ke sa hannu a takardun karɓar kaya na da dalilin sanin yadda ake karanta ta.

A duk lokacin da babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe, kamar yadda ya yi ta faruwa a 2024, bayanin da hukumomi ke fitarwa kan zo da fasali kusan iri ɗaya: wata tasha ta fice daga layi, ko wata babbar waya ta katse, sai tsarin ya rikice, sai duhu ya mamaye birane. A ƙarƙashin wannan bayani akwai wata lamba da injiniyoyin cibiyar kula da babban layi da ke Osogbo ba sa ɗauke ido daga kanta dare da rana. Lambar ita ce 50.

Wutar da ke shigowa gidaje da ma'aikatu a Najeriya ba ta miƙewa fuska ɗaya kamar wutar batir. Tana tafiya ne ta dawo, ta sake tafiya ta dawo, shi ya sa ake kiranta wutar kai-komo. Tafiya ɗaya da dawowa ɗaya su ne zagaye guda, kuma ƙa'idar ƙasar nan ita ce a samu zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi shi ne yawan zagaye. Ana auna shi da haz, wanda ake taƙaitawa Hz, ma'aunin da ya samo suna daga Heinrich Hertz, masanin Jamus da ya rasu a 1894. Lokacin da zagaye guda ke ci kuwa shi ne tsawon zagaye. Idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida 50, kowane zagaye zai samu milisakan 20, milisakan kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Waɗannan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya san ɗaya ya san ɗayan, domin yawan zagaye shi ne abin da ake samu idan aka raba 1 da tsawon zagaye. Idan zagaye ya yi tsawo, yawansa a daƙiƙa ya ragu. Idan ya gajarce, yawansa ya ƙaru.

Abin da ya sa lambar ke motsi

Injin da ke samar da wuta, ko na madatsar Kainji ne ko na tashar Egbin da ke Legas, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiyar nannaɗaɗɗun wayoyi. Saurin juyawarsa ne ke haifar da yawan zagayen wutar. Duk injunan da ke haɗe da babban layi suna tafiya ne da taki ɗaya, tamkar masu daka a turmi guda, saboda haka lambar da za a auna a Maitama ita ce za a auna a Fatakwal ko Kano a daidai wannan lokaci.

Babban layi ba rumbu ba ne da zai ajiye wuta. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar ake shan sa. Idan buƙatar jama'a ta ɗara abin da tashoshi ke bayarwa, nauyi kan danne injunan, gudunsu ya ragu, lambar ta sauko ƙasa da 50. Idan kuma wani babban yanki ya yanke ba zato, injunan kan ji sakayau su ƙara gudu, lambar ta haura. Kundin ƙa'idojin babban layi na Najeriya ya amince da kaucewar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a yanayin yau da kullum, wato daga haz 49.75 zuwa 50.25. A lokacin matsi an yarda ta kai daga 48.75 zuwa 51.25. Da zarar ta zarce waɗannan iyakoki, na'urorin kariya kan fara cire injuna daga layi don kada su lalace. Ficewar kowane inji na ƙara wa sauran nauyi, su ma su bi sahu, har tsarin ya zube gaba ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci.

Rahotannin da hukumar NERC ke fitarwa duk wata uku sun sha nuna cewa lambar kan fita daga iyakokin yau da kullum, sama da ƙasa. Riƙe ta a mazauninta yanzu aikin NISO ne, hukumar gudanar da babban layi mai zaman kanta da aka cire daga jikin kamfanin TCN, wadda aka ƙaddamar da shugabanninta a 2025.

Ko ƙaramar kaucewa, idan ta daɗe, takan bar tabo. A farkon 2018 wata taƙaddama kan wuta tsakanin Sabiya da Kosobo ta sa matsakaicin yawan zagaye a babban layin nahiyar Turai ya tsaya a kusan haz 49.996 na tsawon makonni. Agogunan tanda da na rediyo, waɗanda ke ƙirga lokaci ta hanyar ƙidaya zagayen wuta, suka yi latti da kusan minti 6 a ƙasashe fiye da 20.

Na'urar da ke zana wuta

Kwan fitila na nuna cewa akwai wuta, mitar gwaji ta mai gyara kuma na ba da lamba. Osiloskof shi ne ke nuna kamannin wutar. Fuskarsa allo ne da aka tsaga gida-gida kamar takardar zanen lissafi, bisa al'ada gida 10 a kwance da gida 8 a tsaye. Daga hagu zuwa dama lokaci ne ke tafiya, daga ƙasa zuwa sama kuma ƙarfin wutar ne, wanda ake aunawa da bolt. Idan aka ba shi lafiyayyar wutar kai-komo, sai ya zana layi mai hawa da sauka a hankali, kamar jerin tuddai da kwaruruka masu girma ɗaya.

Asalin na'urar na komawa ga Karl Ferdinand Braun, wanda a 1897 ya ƙera bututun gilashi da ke harba ɗigon haske kan allo, wutar da ake gwadawa kuma ta riƙa karkatar da ɗigon. Braun ya raba kyautar Nobel ta 1909 da Guglielmo Marconi saboda aikinsu kan sadarwar da ba ta buƙatar waya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Tektronix da aka kafa a Amurka a 1946 ya yaɗa samfurin da ke iya kama zanen ya tsayar da shi cik a kan allo, lamarin da ya mayar da na'urar cikakken ma'auni. Na zamani sun zama ƙananan kwamfutoci masu allo mai launi, wasu ma ana riƙe su a tafin hannu, amma tsarin gidajen nan bai sauya ba.

Yadda ake awon

Matakin farko shi ne gwada na'urar kanta. Kusan kowane osiloskof na da wani ɗan ƙarfe a gabansa da ke fitar da siginar gwaji, yawanci mai zagaye 1,000 a daƙiƙa. Idan aka taɓa shi da tsinken gwaji, ya kamata kowane zagaye ya ci milisakan 1. Idan ba haka aka gani ba, to matsalar na jikin ma'aunin, kuma duk abin da ya faɗa daga baya ba abin dogaro ba ne.

Mataki na biyu shi ne wanda rai ya dogara a kansa, wato yadda ake haɗa na'urar da wutar. A osiloskof na tebur, ɗan maƙalin da ke rataye a jikin tsinken gwaji a haɗe yake da wayar ƙasa ta ginin. Wanda ya maƙala shi a waya mai wuta ya haɗa wuta da ƙasa kai-tsaye, abin da zai biyo baya kuma tartsatsi ne da ƙonewar kaya, ko abin da ya fi haka muni. Wasu kan cire ƙafar ƙasa ta fulogin na'urar don kauce wa hakan, amma wannan dabara na mayar da ƙarfen jikin na'urar tarko ga duk wanda ya taɓa shi. Ƙari a kan haka, bolt 230 da ake faɗa wani nau'in matsakaici ne. Ƙololuwar tudun takan kai kusan bolt 325, daga ƙasan kwari zuwa saman tudu kuma kusan 650. Hanya mai aminci ita ce a bi ta ƙaramar taransifoma da ke sauko da wutar zuwa bolt 12 ko makamancin haka, ko a yi amfani da tsinke na musamman da aka ƙera don babbar wuta. Taransifoma na rage ƙarfin wuta ne kawai, ba ta taɓa yawan zagayenta, don haka awon bai rasa komai ba. Wannan aiki ne na ƙwararren ma'aikacin lantarki.

Mataki na uku shi ne saita mamurɗai biyu. Na farko yana faɗin bolt nawa kowane gida ke wakilta a tsaye, kuma ana murɗa shi har zanen ya cika mafi yawan allon ba tare da kansa ya yanke ba. Na biyu yana faɗin lokacin da kowane gida ke wakilta a kwance. Ga wutar Najeriya, milisakan 5 a kowane gida mafari ne mai kyau. Idan zanen na gudu ko yana rawa, sai a daidaita abin da masu sana'ar ke kira tiriga, wanda ke sa na'urar ta fara kowane zane daga wuri ɗaya a jikin zagayen, har hoton ya tsaya.

Daga nan sai ƙirga. A nemi wurin da layin ya ratsa tsakiyar allo yana hawa, a bi shi ya haye tudu, ya gangara kwari, har ya sake ratsa tsakiya yana hawa. Wannan shi ne zagaye guda. An fi son a ƙirga daga tsakiya maimakon daga ƙololuwa, domin kan tudun na da faɗi, da wuya ido ya tantance ainihin tsakiyarsa, alhali a wurin ratsawa layin a miƙe yake sosai. Idan zagayen ya ci gida 4, to 4 sau 5 milisakan 20 ke nan, wato daƙiƙa 0.02. A raba 1 da 0.02, a samu haz 50.

Idan kuwa ya ci gida 4.2, tsawonsa milisakan 21 ne, yawansa kuma ya sauko zuwa kusan haz 47.6. Idan ya tsaya a gida 3 da sulusi, milisakan 16.7 ke nan, wato haz 60, irin wutar Amurka. Don rage kuskuren ido, gwanaye kan auna zagaye biyu a jere, waɗanda a wannan saiti ke cin gida 8, sannan su raba biyu.

Na'urar zamani na sauƙaƙa wannan lissafi. Tana da layuka biyu da ake jan su a ɗora a farkon zagaye da ƙarshensa, ita kuma ta rubuta tazarar da ke tsakani, ko ma ta auna da kanta ta nuna lambar a gefen allo. Duk da haka ƙwararru kan sake ƙirga gidajen da ido, saboda wuta mai datti kan rikita awon na'ura, ta ɗauki ƙananan tsalle-tsalle a matsayin cikakkun zagaye.

Iyakar abin da ido ke gani

Yana da kyau a san inda na'urar ta tsaya. Bambancin haz 50 da haz 49.75 shi ne bambancin milisakan 20 da milisakan 20.1. Ko da an shimfiɗa zagaye guda ya cika allon gaba ɗaya, wannan tazara ba ta wuce kashi ɗaya cikin ashirin na gida guda ba, kusan kaurin layin da kansa. Tsoffin na'urori masu bututun gilashi kuma kan iya kuskure da kusan kashi 3 cikin ɗari a ma'aunin lokacinsu, wanda ya ninka sassaucin da ƙa'idar babban layi ta bayar har sau shida. Shi ya sa ɗakunan kula da babban layi ke amfani da ma'aunai na musamman masu nuna lambar dalla-dalla.

Inda osiloskof ya yi zarra shi ne wutar da ofis ke samar wa kansa, domin a nan kaucewar kan yi girma, kuma siffar wutar kanta kan lalace.

Janareta da gwamnansa

Akwai lissafi mai sauƙi da ya ɗaure gudun inji da yawan zagaye: a ninka yawan zagaye sau 120, a raba da adadin kawunan maganaɗisun injin. Babban janaretan dizal irin na ma'aikatu yawanci kawuna 4 gare shi, don haka dole ya juya sau 1,500 a minti kafin ya ba da haz 50. Ƙaramin janaretan fetur mai kawuna 2 sai ya juya sau 3,000. Saboda haka wanda ya auna tsawon zagaye ya auna gudun injin ke nan ba tare da ya taɓa shi ba. Janaretan dizal da ya nuna milisakan 21 yana juyawa ne kusan sau 1,430 a minti, ƙasa da yadda ya kamata.

Abin da ke riƙe gudun inji shi ne na'urar da makanikai ke kira gwamna, wadda ke ƙara mai idan nauyi ya ƙaru, ta rage idan ya ragu. Gwamna irin na da, mai aiki da ƙarfe da sifirin, akan saita shi ne injin ya ba da kusan haz 52 idan babu lodi, ya sauko 50 idan an ɗora masa cikakken lodi. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin da aka yi wa janareta yana kaɗaici, ba a kunna komai a kansa ba, bai faɗi abin kirki ba. Sai an ɗora masa na'urorin sanyaya ɗaki da injin jawo ruwa da lifta sannan halinsa ke fitowa. Idan a lokacin zagayen ya miƙe ya ƙi komowa, ko dai injin ya yi wa ginin kaɗan, ko gwamnan na da matsala, ko mai ba ya isa yadda ya kamata. Idan kuma zanen na buɗewa yana tsukewa kamar numfashi, injin na farautar gudunsa ne bai samu ba.

Illar ba ta tsaya a ɗakin janareta ba. Motocin lantarki da ke cikin firji da famfo da na'urar sanyaya ɗaki suna bin yawan zagaye ne wajen gudu. Idan ya yi ƙasa alhali ƙarfin wutar bai ragu ba, motoci da taransifomomi kan ja wuta fiye da kima su ɗau zafi, zafi kuma shi ke cin rufin wayoyinsu a hankali. Na'urorin ajiyar wuta da ke kare kwamfutoci kan ƙi karɓar wutar da ta kauce da yawa, sai su koma kan batir alhali janareta na ruri a waje, har batirin ya ƙare, ɗakin kwamfutoci ya mutu ana tsakiyar aiki. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan batir a sayo sabo, alhali ciwon na jikin janareta.

Inbata da kayan ƙetare

Yayin da ma'aikatu ke ƙara rungumar wutar sola, inbata ta zama kayan da ake saye da yawa. Aikinta shi ne mayar da miƙaƙƙiyar wutar batir ta zama ta kai-komo. Mai inganci na fitar da zane mai santsi irin na babban layi. Mai araha kuma na fitar da zane mai kusurwoyi kamar matakalar bene, wanda ke sa fanka kuka, mota ta yi zafi, wasu na'urorin asibiti da na ɗakin gwaji kuma su ƙi aiki daidai. Dukansu biyu na iya nuna bolt 230 da haz 50 a ɗan allon da ke jikinsu, kuma kwalayensu na iya ɗaukar alkawari iri ɗaya. A fuskar osiloskof kuwa, ko wanda bai taɓa karatun injiniya ba zai bambance tudu mai santsi da matakala. Gani ya kori ji.

Haka batun yake ga kayan da ake shigowa da su. Amurka da Kanada da Saudiyya na amfani da haz 60, yayin da Najeriya da maƙwabtanta da Turai ke kan 50. Motar lantarki da aka ƙera don haz 60, idan aka sa ta a wutar Najeriya, gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, famfon da take juyawa kuma ba zai tura ruwan da aka yi alkawari ba. Cajar waya da ta kwamfuta ba su damu ba, domin galibi an rubuta 50/60 Hz a jikinsu, amma duk abin da ke da mota a cikinsa sai an duba farantin bayanansa. Japan ta san tsadar irin wannan rarrabuwa. A shekarun 1890 Tokyo ta sayi injunan Jamus masu haz 50, Osaka kuma ta sayi na Amurka masu haz 60, kuma har yau ƙasar a rabe take gida biyu. Bayan girgizar ƙasa ta 2011, wutar da yammacin ƙasar ke iya tura wa gabashi ta taƙaita ga abin da 'yan tashoshin sauya zagaye ke iya ɗauka.

Kafin a sa hannu

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin fayyace irin kayan da suke nema, kuma kuɗi ba ya fita sai wani jami'i ya shaida cewa abin da aka kawo ya dace da abin da aka rubuta. Wannan jami'i sau da yawa ba injiniya ba ne, kuma ba a buƙatar ya zama. Abin da ake buƙata shi ne ya nemi a yi gwajin a gabansa, ya kuma san abin da zai tambaya.

Tambayoyin ba su da yawa. Milisakan nawa kowane gida ke wakilta, kuma gida nawa zagaye guda ya ci? Nawa aka samu babu lodi, nawa aka samu da cikakken lodi? Da aka kunna babban inji farat ɗaya, daƙiƙa nawa zanen ya ɗauka kafin ya koma mazauninsa? Siffar zanen santsi ce ko matakala? Na'urorin zamani na iya adana hoton allon, a buga shi a maƙala a fayil ɗin kwangila tare da kwanan wata da sa hannun wanda ya auna. Idan kayan suka fara ba da matsala bayan wata shida, wannan hoto ne zai nuna ko da ciwonsu suka zo ko a nan suka same shi.

Masu iya awon ba su yi ƙaranci ba. Sassan injiniyan lantarki na jami'o'i da kwalejojin fasaha na koyar da shi tun a shekarun farko, cibiyar NAPTIN na horar da ma'aikatan ɓangaren wuta, hukumar NEMSA kuma ita doka ta ɗora wa duba ingancin kayan lantarki da yadda aka girka su. Kuɗin ƙaramin osiloskof bai kai ko kusa da na janaretan da zai gwada ba. Karɓar injin miliyoyin naira saboda kawai ya tashi kuma fitilu sun kama, cinikin biri a sama ne, kuma daga baitulmali ake biyan kuɗin gyaran da zai biyo baya.